"Ido ba mudu ba, ya san ƙima" da gilashin kantunan zamanin da

Malam Sani: Jama'a, ina neman ƙarin haske a kan wannan karin magana. Na tuna da ita ne da na bi ta Bata a Kano, wurin da ya samo sunansa daga kantin takalman Bata. Muna yara mukan tsaya a bakin gilashin kanti muna kallon takalma jere, kowanne da farashinsa a rubuce, sai marigayi mahaifina ya ce "ido ba mudu ba," ya ja hannuna mu wuce. Shin a muhallinta ya ajiye ta?

Hajiya Balaraba: Allah ya jiƙan Baba, Malam Sani, amma a fahimtata maganar ta kasuwar awo ce, inda mai saye zai dubi tulin gero ya ƙiyasta mudu nawa ne kafin a auna, sannan ya yi tayi, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama, har a yi masa gyara. A kantin da aka rubuta farashi aka kuma sa gilashi tsakanin mutum da haja, ban ga abin da ya rage wa ido ya ƙiyasta ba.

Alhaji Garba: Hajiya, a gafarce ni, ƙima ba ta tsaya ga farashi ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant suka buɗe kantuna a wajen ganuwa, aka sami ciniki iri biyu a gari guda: na Kurmi, inda dillali ya san ka ya san gidanku, da na kanti, inda kuɗinka kaɗai ake sani. Mahaifin Malam Sani aljihunsa ya auna, da matsayin da sabon birnin ya ba shi, ya kuma rufa wa kansa asiri a gaban ɗansa. Ni ina ganin ya yi daidai.

Malama Zainab: Baba Alhaji, na gamsu da bayaninka, sai dai ina shakkar ko maganar ta shafi cinikinmu na yau. Ko a Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 mutum yana ganin kayan da idonsa, amma atamfar da na saya ta WhatsApp a watan jiya hotonta kawai na gani, da ta iso kuwa launin ya bambanta, yadin ma ya fi sirantaka. Kakata ta ce cinikin biri a sama na yi, ta sa a raka ni Kantin Kwari in taɓa da hannuna.