Ɗana ya dage sai ya shiga judo tun da aka ƙwace masa waya, in bar shi?

Tela daga Jekadafari:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan Gombe. Sati uku da suka wuce na aiki babban ɗana, mai shekara 15, ya kai wa wata baiwar Allah ɗinkinta bayan magariba. A hanyar dawowa wasu samari biyu suka tare shi a lungu, ɗaya ya zaro wuƙa, suka karɓe wayarsa. Alhamdulillahi ko ƙwarzane bai samu ba, amma tun ranar yaron ya daina walwala. Sai ya zauna a kan keke, ƙafa a kan feda, ya yi shiru yana kallon ƙyalle. Yanzu ya dage sai na bar shi ya shiga judo wurin wani koci da ke koyar da yara da yamma. Abin da nake tsoro shi ne kada ya koyi kaye biyu ya ɗauka zai iya da mai wuƙa. Na kuma leƙa wurin, na ga suna sunkuya wa juna kamar masu ruku'u, hankalina bai kwanta ba. Wanda ya san abin ya ba ni shawara don Allah.

Mai baƙin bel, Bauchi:

Wa'alaikumussalam. Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Shekarata 16 ina judo, ina da baƙin bel, wato ɗamarar da ƙwararru ke ɗaurawa, kuma ni dai shawarata ka bar shi.

Wata biyun farko ban kayar da kowa ba. Faɗuwa kawai ake koya mana, abin da ake kira ukemi: ka manne haɓa da ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka doki katifa da hannu don ƙarfin faɗuwar ya watse. Sau ɗari a yini. Har na so in daina don gajiya. Bayan wasu shekaru akuya ta gitta mini ina kan mashin kusa da Alkaleri, na tashi sama. Kafin in yi tunani jikina ya mirgina da kansa. Na ɗaye kafaɗa, amma kaina bai taɓa kwalta ba. A shekara 16, ranar ce kaɗai judo ta cece ni a wajen ɗakin atisaye.

Wanda ya kafa ta, Jigoro Kano (sunan Japan ne, ba ruwansa da Kanon Dabo), malamin makaranta ne, ɗan tsurut, wanda ya sha cin zali yana yaro. A 1882 ya buɗe makarantarsa Kodokan a Tokyo, ya tsamo dabarun daga tsohon faɗan jujutsu, ya ware masu hatsari don a iya gwada ƙarfi ba a ji ciwo ba. Ƙa'idarsa ita ce kada ka ɓarnatar da ƙarfi, kuma atisaye ya amfane ka ya amfani abokinka. In mutum ya turo ka, ka ja shi. In ya ja, ka bi shi, har tsayuwarsa ta lalace. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali ya san wannan. Kuma wanda ka kayar shi zai kayar da kai nan da minti ɗaya, shi ya sa ba ka ƙuntata masa. Da ya bubbuga katifa, alamar ya sallama, ka sake shi.

Maganar wuƙa kuwa, gaskiya ɗaya ce. Judo sai ka kama rigar mutum, wato sai kun haɗa jiki, nan ne kuma wuƙa take cin mutum. Akwai darasin kare kai daga makami da Kodokan ta tsara a 1956, amma tsararren motsi ne, ka san ta inda abokinka zai kawo suka. Ɗan lungu ba ya sanarwa. Ka faɗa wa yaronka wani mai baƙin bel ya ce da shi aka tare, shi ma miƙa wayar zai yi.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:

Gwada ƙarfi ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Amma damuwarka kan sunkuyo tana da tushe, domin a hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito an hana mutum ya sunkuya wa ɗan'uwansa wurin gaisuwa. Ka sami kocin ku zauna, ka nemi a bar yaron ya yi sallama ya miƙa hannu.

Mai baƙin bel, Bauchi:

Allah ya gafarta Malam, a wurin atisaye wannan mai sauƙi ne, mu ma haka muke yi da yaranmu. A gasa ne dokar wasan ta ce a rusuna kafin a fara da bayan an gama. Gara uban ya san da wannan tun yanzu.

Tela daga Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je na sami kocin, ya amince da musabaha, ya ce gasa kuwa da sauran lokaci. Na karanta wa yaron maganar miƙa wayar, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko da gaske mai baƙin bel ne ya rubuta. Ranar Asabar zai fara. Rigar ce na ga tana da tsada, ni kuma ga keke a gabana. Wane irin yadi ne zai jure wannan jan da ake yi wa wuya da hannu?