Daren kallon sama ga jama'a: wane dare ya fi, me za a nuna?

Abu Safwan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana shirin tara mutum kamar talatin, har da yara, su saurari laccar ilimin taurari ta intanet, sannan a fita fili a duba sama. Madubin hangen nesa ɗaya ne, an rubuta 70/700 a jikinsa. Wane dare za a zaɓa, kuma da me za a fara?

Gamzaki: Wa alaikumus salam, Malam. Ka guji daren sha huɗu. Farin wata yana dusashe taurari, shi kansa watan babu inuwa a fuskarsa, sai ya fito fayau. Ka nemi daren 6 zuwa 8 ga wata. Yana sama tun faɗuwar rana, kuma a kan layin da ya raba haske da duhu ne ramuka da duwatsunsa suke fitowa raɗau.

Lambar 70 faɗin bakin madubin ce a milimita. Ita kuwa 700, tazarar da madubin ke tattara haske ce a milimita, raba ta da lambar da ke kan ƙaramin gilashin da ake ɗora ido a kai: mai 25 zai girmama abu sau 28, mai 10 sau 70. Fara da mai 25. Idan aka haura sau 140 a wannan madubi, dishi-dishi kawai za a gani, komai abin da aka rubuta a kwalinsa. Sannan duniya tana juyawa, a sau 70 abin da aka saita zai fice cikin minti biyu zuwa uku, don haka a tsayar da mutum ɗaya yana gyarawa.

Maman Hanan: Ƙari a kan bayanin Malam Gamzaki: hasken allon lacca zai ɓata muku ido. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, tocila fara guda ɗaya ta rushe shi. A rufe bakin tocila da jar leda, manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama kuma a sa ta a yanayin dare. Shirye-shiryen kallon sama kai tsaye ta intanet irin na Virtual Telescope Project da ke Italiya galibi da agogon UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, ake sanar da su, a lissafa bambancinsa da agogon gida tun da wuri.

Abu Safwan: Na gode. Ban da wata fa?

Gamzaki: A duba manhajar a ga ko duniyar Jupita tana sama. Ko a sau 28 ana ganin manyan watanninta huɗu da masanin taurari Galileo ya hango a 1610. Zoben da ya kewaye duniyar Satan (Saturn) sai a sau 70 yake fitowa sosai. Ƙaramin madubin saiti da ke gefe a daidaita shi tun da rana a kan wani dogon abu mai nisa, amma kada a kuskura a juya madubi wajen rana, makanta ce nan take. Idan raɓa ta sauka a gilashi kada a goge da riga, zai karce. Naɗa kwali a bakin madubin yana jinkirta ta.