The Shield: abin da waɗanda suka gama kallo suke so sababbi su sani

Ma'aji:
Assalamu alaikum jama'a. Masu son fara kallon The Shield sun yi yawa, tambayoyinsu kuma kusan iri ɗaya ne, don haka ina roƙon waɗanda suka gama shi su zubo abin da suka sani a wuri guda. Shirin Amurka ne, tashar FX ta fara nuna shi a watan Maris na 2002, ya ƙare a Nuwamban 2008, Shawn Ryan ne ya ƙirƙire shi. Zango bakwai ne, kashi 88, kowane kashi wajen minti 45, wato kimanin awa 66 ke nan. Zangunan ba tsawonsu ɗaya ba: na 1, 2, 4 da 7 kashi 13 ne kowanne, na 3 kashi 15, na 5 kashi 11, na 6 kuma 10. Labarin wata 'yar ƙaramar runduna ce ta 'yan sanda da ke farautar gungun 'yan daba da dillalan ƙwaya a Farmington, unguwar da marubutan suka ƙaga a cikin Los Angeles, ƙarƙashin Vic Mackey, wanda Michael Chiklis ya fito a matsayinsa har ya ci kyautar Emmy a 2002. Sharaɗi ɗaya: wanda zai taɓo abin da ya faru bayan zango na 1 ya sa gargaɗi a layinsa na farko.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ni zan ɗauki ɓangaren hoto, domin nan ne mutane suke fara ƙorafi. An ɗauki shirin da fim mai faɗin milimita 16, kyamara a kafaɗa, da gangan aka bar hoton da tsakuwa-tsakuwa da girgiza. Ba lalacewa ba ce. Matsalar ita ce irin wannan hoton ba ya jure matsi: idan aka sauke ingancin kallo ƙasa sosai don tattalin data, wuraren duhu sai su dunƙule su zama tabo, kuma samame da yawa a shirin da dare ake yin su. Kada a yi ƙasa da 480p a waya, a talabijin kuma 720p ko sama. A kashe tsarin da ke santsi da motsi da wanda ke goge tsakuwar hoto a cikin saitin talabijin, su ne suke mayar da fuskoki kamar an shafe su.

Abu na biyu, siffar allo. A Amurka an fara nuna shi da tsohuwar siffa ta 4:3, daga baya aka fitar da mai faɗi, har da bugun Blu-ray na 2018. Duk wanda ka samu, ka bar shi a yadda yake. Idan ka ga baƙi a gefe biyu kada ka ja hoton ya cika allo.

Na uku, rubutun fassara na ƙasan allo. Idan ya yi gaba ko baya da tazara ɗaya tun daga farko har ƙarshe, a VLC na kwamfuta, wato manhajar kallon bidiyo, maɓallan G da H suna matsar da shi kaɗan-kaɗan. Amma idan ya fara daidai sannan yana ƙara zamewa, to bambancin gudun hoto ne: wani bugun yana tafiya a hoto 25 cikin daƙiƙa, wani a 23.976. Bambancin ya kai kashi 4 cikin 100, kusan minti biyu ke nan kafin kashi ɗaya ya ƙare. Matsarwa ba ta gyara wannan, sai dai a nemo rubutun da aka yi wa bugun da ke hannunka. Kuma rubutun yana da amfani ko ga wanda Turancinsa ya nuna, saboda zaurancen 'yan sanda da na 'yan daba da Sifaniyanci sun cakuɗu a ciki.

Alƙalami:
(Gargaɗi: har zango na 5.)
Malam Injiniya ya gama da na'ura, bari in yi magana kan yadda ake bin labarin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauke shi kamar shirin 'yan sandan da kowane kashi ke da laifinsa da kamensa, a riƙa tsallake wasu. Ba zai yiwu ba. A ƙarshen kashi na farko Vic ya harbe Terry Crowley, ɗan sandan da Kyaftin Aceveda ya cusa cikin rundunar don ya tattara wa hukumomin tarayya hujja a kansa. Da bindigar dillalin da suka kai wa samame ya harbe shi, don rahoto ya nuna dillalin ne ya yi kisan. Daga nan duk abin da ya biyo baya biyan bashin wannan daren ne.

Shawarata a ajiye takarda, a rubuta abu biyu kawai bayan kowane kashi: wa ya san me, kuma wa ke riƙe da wuyan wa. Rundunar Vic su huɗu ne: shi da Shane da Lem da Ronnie. Kisan Terry, Shane kaɗai ya gani da idonsa, Lem da Ronnie ba su sani ba a lokacin, kuma wannan gibin shi ne ke juya rabin shirin. A ƙarshen zango na 2 suka sace miliyoyin daloli daga hannun gungun Armeniyawa masu safarar kuɗin haram, sai ga shi wani ɓangare na kuɗin hukuma ta riga ta ɗauki lambobinsa, ba a iya kashe shi. Zango na 3 kusan gaba ɗaya kan yadda kuɗin da ba a iya kashewa ya raba kansu ne, har Lem ya cinna wa mafi yawansa wuta. A zango na 4 Antwon Mitchell, wani shugaban 'yan daba, ya kashe wata yarinya da bindigar Shane da ta abokin aikinsa, ya ɓoye gawar da harsasan a jikinta, ya mayar da Shane yaronsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka abin yake a kowane mataki. Sannan ƙunshin hodar da Lem ya karɓe a matsayin jingina a zango na 4, wanda mai kallo zai iya mantawa da shi, da shi Kavanaugh, jami'in sashen binciken laifuffukan 'yan sanda, ya kama shi a zango na 5.

Wani abu da ke rikita sababbi: akwai kashi guda a zango na 2 da ya koma baya, kafin kashi na farko, ana ganin Terry da ransa. Ba kuskuren jeri ba ne, a kalle shi a inda yake. Akwai kuma ɗan gajeren kashi na wajen minti 15 da aka fitar tsakanin zango na 5 da na 6, ba dole ba ne amma yana da kyau.

Uwar Biyu:
Don Allah a faɗa wa sababbi gaskiya tun da wuri: ba shirin falo ba ne. Na manya ne zalla. Akwai azabtarwa a fili a zango na 2, akwai fyaɗe a zango na 3 wanda illarsa ta bi mutumin har zangunan gaba, akwai laifuffukan da aka yi wa yara. Wanda irin wannan ke taɓa masa rai ya nemi wanda ya riga ya kalla ya gaya masa inda zai wuce. Kuma kashi biyu a zama ɗaya sun isa. Idan aka haura uku sunayen gungu-gungu sukan cakuɗe, ga kyamarar da ba ta tsayawa tana gajiyar da ido. Idan a rukuni ake bi, kashi huɗu a mako ya fi dacewa, zai ɗauki mako 22.

Mai Kundi:
Hajiya ta yi daidai. Ni abin da nake so a sani shi ne shirin ba daga iska ya faɗo ba. Tushensa badaƙalar Rampart ce a rundunar 'yan sandan Los Angeles. Akwai wani sashe na yaƙi da 'yan daba da ake kira CRASH. A 1998 aka kama ɗaya daga cikin jami'ansa, Rafael Pérez, kan satar hodar iblis daga ɗakin ajiye kayan shaida. A 1999 ya yi yarjejeniya da masu gabatar da ƙara don a rage masa hukunci, ya ambaci jami'ai kusan 70 da laifuffuka iri-iri: dasa wa mutum bindiga ko ƙwaya, rantsuwa kan ƙarya a kotu, duka, harbi ba dalili. Mafi muni shi ne wani matashi da Pérez da abokin aikinsa suka harba a 1996, jikinsa ya shanye, suka ajiye bindiga kusa da shi, kotu ta ɗaure shi shekara 23. An sake shi a 1999, daga baya aka biya shi diyyar dala miliyan 15. An soke hukunce-hukunce fiye da 100, birnin ya biya diyyar da ta kai kimanin dala miliyan 125, aka rushe CRASH a 2000, rundunar kuma ta shiga ƙarƙashin sa idon kotun tarayya daga 2001 zuwa 2013.

Wanda ya san wannan zai lura da abin da marubutan suka fahimta da kyau: ɓarnar ba a titi take tabbata ba, a takarda take tabbata. Jami'ai huɗu su fito daga samame, su haɗa baki kan labari ɗaya kafin kowa ya rubuta rahoto. Infoma da aka yi wa rajista ya zama hujjar duk wata ganawa da ɓarawo. Manya kuma suna kau da kai muddin alƙaluman kame suna hawa, saboda da su suke neman ƙarin girma, shi Aceveda ma kujerar siyasa yake hari.

Magatakarda:
Malam Mai Kundi, in ƙara da dokoki uku na Amurka, domin rashin saninsu ne ke sa mutane su ce me ya hana a kama Vic tun farko. Ta ɗaya, shaidar da ɗan sanda ya samo ta hanyar bincike ba bisa ƙa'ida ba, kotu tana iya watsi da ita, hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Mapp na 1961 ya ɗora wannan a kan jihohi. Shi ya sa ake ta ƙirƙirar dalilin shiga gida bayan an riga an shiga. Ta biyu, hukuncin Brady na 1963 ya wajabta wa mai gabatar da ƙara ya miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma duk hujjar da za ta taimake shi. Da zarar an tabbatar ɗan sanda maƙaryaci ne, tsofaffin shari'o'in da ya ba da shaida a cikinsu suna iya buɗewa, kuma ofishin da ya ci nasara a waɗannan shari'o'in ba ya marmarin hakan. Ta uku, hukuncin Garrity na 1967: bayanin da aka tilasta wa ɗan sanda ya bayar a binciken cikin gida da barazanar kora, ba a amfani da shi a tuhume shi da laifi a kotu. Saboda haka mai bincike yake buƙatar naɗar murya ko shaidar wani na ciki.

Ɗan Kallo:
Ina da ja a kan abu ɗaya, Yaya Alƙalami. Ni a ganina shirin ya yi wa Vic ado da yawa. Kullum ana haɗa shi da wanda ya fi shi mugunta, mai cutar da yara ko mai ƙona mutane, sai mai kallo ya ga dukan da yake yi ya halatta. A Rampart ta gaskiya mutanen da ba su ji ba ba su gani ba ne suka sha ɗauri. Kuma duk inda ake tattauna shirin, da an zo zango na 5 za ka ga mafi yawan mutane sun tsani Kavanaugh, wanda Forest Whitaker ya fito a matsayinsa, alhali shi ne ke bin mai kisan ɗan sanda.

Alƙalami:
(Gargaɗi: har ƙarshen shirin.)
Ƙanena, abin da ka lura da shi gaskiya ne, amma ni ina ganin tarko ne aka ɗana wa mai kallo da gangan. An nuna maka kisan Terry a daren farko, ba a ɓoye maka komai ba, sannan aka bar ka ka riƙa yi wa mutumin addu'ar tsira zango bakwai. Hanyar da ta fi amfani a tattaunawa ita ce a riƙa auna Vic da Claudette da Dutch, masu bincike a ofishin nasu, waɗanda ke warware laifi a ɗakin tambayoyi da haƙuri da hujja. Claudette ta gano wata lauyar gwamnati mai kare marasa galihu tana aiki cikin maye, ta dage sai an sake duba shari'o'inta, hakan ya jawo mata asarar kujerar kyaftin a lokacin. Shirin bai ɓoye tsadar gaskiya ba. Kavanaugh kuwa da ya gaji ya dasa shaidar ƙarya don ya kama Vic, shi ya ƙare a kurkuku.

Sai a duba inda mutane huɗun suka kwana. Shane ya jefa wa Lem gurneti a mota don tsoron zai tona su, alhali Lem bai yi niyyar tonawa ba. Shane ya kashe iyalinsa ya kashe kansa. Ronnie, wanda bai taɓa juya wa Vic baya ba, shi aka sa wa ankwa.

Magatakarda:
(Gargaɗi iri ɗaya.)
Zaman da Vic ya yi da hukumar shige da fice da kwastan ta tarayya shi ne wurin da ya kamata a dakata a tattauna sosai, a sake kallonsa ma. Kariyar da aka ba shi ta shafi laifuffukan da ya furta da bakinsa ne a gaban na'urar naɗar murya, don haka dole ya lissafo komai, ya fara da Terry. An sa hannu kafin a ji abin da zai faɗa, nan ne hukumar ta yi sakaci, kuma Ronnie ba ya cikin takardar, furucin da ya wanke Vic shi ne hujjar da ta ɗaure shi. Abin da ya rage a hannun hukumar shi ne sharuɗɗan aikin shekara uku da ke cikin yarjejeniyar, sai ta ɗaure shi a tebur yana rubuta rahoto kullum, idan ya saɓa kariyar ta faɗi. Matarsa da 'ya'yansa kuma an sauya musu wuri ƙarƙashin shirin kare shaidu, bai san inda suke ba. Masu jagorantar tattaunawa su ware zama guda ga kashi biyu na ƙarshe, kuma a tanadi lokaci, domin na ƙarshen ya fi sauran tsawo.