Neman kalmar Hausa: me za mu kira “homebrew” a na'urar gem?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna bukatar suna ɗaya da za mu tsaya a kai ga abin da Turawa ke kira “homebrew”, wato manhajar da wani ya rubuta da kansa ya ɗora wa PlayStation ko Wii, galibi ba da izinin kamfanin da ya ƙera na'urar ba. Asalin kalmar daga giyar da ake dafawa a gida ne, don haka fassarar kai tsaye ba za ta yi mana ba. Babu mai son a ce ya zuba wa na'urarsa burkutu. An kawo shawara uku: manhajar kutse, haɗin gida, da ƙirar gida.

Mai Gyaran Gem: Wa alaikumus salam. Kafin a zaɓa, a raba abu uku da ake cakuɗawa a shago. Ɗauki PlayStation 2. Da an kunna ta, takan leƙa katin memori ko akwai fayil ɗin sabunta tsari, domin Sony ta bar wannan ƙofa don amfanin kanta. FreeMCBoot, manhajar da ke buɗe na'urar ta karɓi manhajojin da ba na kamfani ba, ta nan yake shiga: yana zama a kan katin kamar saƙon kamfani, na'ura ta karɓe shi, sai sabon menu ya bayyana. To ƙofar daban, aikin ɗora shi a kati daban, manhajojin da ake buɗewa bayan nan, irin su uLaunchELF mai duba fayiloli da buɗe su, su ma daban. Na ukun nan ne muke nema wa suna.

Malamar Hausa: Madalla, Malam. Ke nan “manhajar kutse” tana nuna hanyar shiga, ba ta nuna wanda ya yi abin ba. Shin dole ne sai an yi kutse?

Mai Rubuta Manhaja: Ba dole ba ne, Malama, kuma a nan sunan ya faɗi. A 1996 Sony da kanta ta fitar da Net Yaroze a Japan, baƙar PlayStation da ake haɗawa da kwamfuta don masu sha'awa su rubuta wasanninsu a ɗaki. Abin da suka rubuta “homebrew” ne tsantsa, babu wanda ya fasa ƙofar kowa. PlayStation 3 ma ta zo da damar ɗora Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, sai a 2010 kamfanin ya cire ta da sabuntawa ta 3.21. Ga kuma illa ta biyu: da Bahaushe ya ji kutse, satar wasa yake tunawa. Kwafar faifan wani ba da izini ba sunanta satar fasaha, tana da sunanta tuni. Wanda ya zauna ya rubuta manhajar kunna waƙa ko ta duba lafiyar hannun gem bai saci komai ba, bai kamata a laƙaba masa wannan suna ba.

Mai Gyaran Gem: Ni “haɗin gida” ke ba ni matsala. Haɗi na turare ne, ko yaji, ko magani. A sana'armu kuwa in an ce haɗi, sai a ɗauka an farke na'ura an liƙa cif da dalma, alhali wannan aiki ko noti ɗaya ba a kwancewa. Ga yadda yake: a sami kati na asali mai 8MB, saboda fayil ɗin ana ɗaure shi ne da lambar katin ta tsarin tsaron Sony mai suna MagicGate. Shi ya sa kwafe fayilolin daga wannan kati zuwa wancan ba ya aiki, sai an bi ta manhajar ɗorawa. Manyan katunan jabu masu 64MB ko 128MB sau da yawa a nan suke ƙi. Filash kuma a tsara shi FAT32, a zuba fayil mai ƙarewa da .ELF, a buɗe uLaunchELF a shiga mass:/, wato filash ɗin, a zaɓe shi. Kada a yi mamakin rashin sauri, USB 1.1 ne a jikin na'urar. Sannan siraran PlayStation 2 na ƙarshe, SCPH-9000x masu BIOS 2.30, an toshe musu wannan ƙofar da FreeMCBoot ke bi. Sai a koma wasu hanyoyin shiga, OpenTuna ko FreeDVDBoot.

Malamar Hausa: Sai “ƙirar gida”. Kunnen Bahaushe ya saba da ita: mota ƙirar Japan, garma ƙirar gida. Tana amsa tambayar waye ya yi, ba tare da ta ce abin mai kyau ne ko marar kyau ba. Na san za a ce ana yawan jin ta da bindiga a labarai, amma kalmar da ke gabanta ce ke ɗaukar nauyi. A lura da ginin: “manhaja ƙirar gida”, jam'i “manhajoji ƙirar gida”. Ban da “manhajar gida”, don wannan za a ɗauka ta Najeriya ko Nijar ake nufi, kishiyar ta waje.

Mai Rubuta Manhaja: Na yarda. Sauran abu biyun da Mai Gyaran Gem ya raba, ƙofar da aikin ɗorawa, su ma a ba su suna yanzu. Kuskuren da ake bi a shiga, mu ce “ɓaraka”. Misali a Wii, 2008: an tsawaita sunan dokin da ke fayil ɗin ajiyar wani wasa har ya zarce gurbin da aka ware masa a ƙwaƙwalwa, abin da ya malala na'ura ta ɗauke shi umarni. LetterBomb ma ɓaraka ce a allon saƙonni na tsari 4.3. Ana ba shi lambar MAC, wato lambar shaida a hanyar sadarwa, ta na'urar da harafin yankinta, U, E, J ko K; in an kuskure ɗaya ba zai tashi ba, in kuma kwanan watan na'ura ba daidai yake ba jan ambulan ɗin ba zai fito inda ake nemansa ba. Aikin buɗe na'urar kuwa “cire takunkumi”. Kuma duk wanda ya cire wa Wii takunkumi, ya fara da manhajar BootMii ya adana nand.bin da keys.bin, wato kwafin ƙwaƙwalwar na'urar da makullanta, a kwamfuta, don da su ake farfaɗo da ita in ta sandare.

Mai Tambaya: Allah Ya saka da alheri. Mu gwada a jumla: “An bi ta ɓarakar katin memori aka cire wa PlayStation 2 takunkumi, yanzu tana karɓar manhaja ƙirar gida.” Ta zauna a baki. Saura na'urar da ta mutu saboda an lalata tsarinta, wadda Turawa ke kamantawa da bulo. Malama, “ta sandare” ya isa, ko a nemo wata?