Shin aikin leƙen asiri ne ya koya wa Paul Dehn rubuta fim?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ni dai ra'ayina, ba don Paul Dehn, marubucin finafinai ɗan Birtaniya, ya yi aikin asiri na soja a Yaƙin Duniya na Biyu ba, da alƙalaminsa bai yi kaifin nan ba. Ya kai muƙamin manjo, ya horar da 'yan leƙen asirin SOE, hukumar asiri ta Birtaniya mai aiki a ƙasashen da abokan gaba suka mamaye, har a sansanin Camp X na Kanada. Shi da Richard Maibaum suka rubuta Goldfinger, fim ɗin James Bond na 1964.

Zainab: Wa alaikumus salam. Haba Malam, Goldfinger? Mota mai cilla mutum sama, da hular da ke sare kan gunki? Wane sansani ake koyar da wannan? Littafin Ian Fleming ne aka mayar fim.

Malam Habu: To ki dubi fim ɗinsa The Spy Who Came in from the Cold na 1965. Jami'i ya gaji, ya zama mashayi, shugabanninsa suna amfani da shi bai sani ba. Sai wanda ya shiga gidan ya san ɗacin nan.

Alhaji Nura: Allah gafarta Malam, ɗacin na John le Carré ne, wanda ya yi aiki a hukumomin leƙen asirin Birtaniya MI5 da MI6, littafinsa da aka mayar fim ɗin kuma ya fito tun 1963. Kuma kada a manta, tun kafin yaƙin Dehn yana sharhin finafinai a jaridun Landan. Kyautar Oscar da ya ci tare da James Bernard ta labarin Seven Days to Noon ce na 1950, inda wani masanin kimiyya ya yi barazanar tayar da bam ɗin nukiliya a Landan.

Zainab: Tsoron nukiliyar nan shi ya bi shi har finafinan Planet of the Apes na 1970 zuwa 1973. Ni a nan nake jin muryarsa ta gaskiya.

Malam Habu: Duk na ji. Amma cikin darussan SOE akwai ƙirƙira wa mutum sunan ƙarya, garinsu, sana'arsa, da amsar da zai bayar idan 'yan Gestapo, wato 'yan sandan asirin Jamus ta Nazi, suka tsare shi. In labarin ya sami ɓaraka, kashe shi za a yi. Wanda ya koyar da wannan ba zai rubuta ɗan wasa sakaka ba.

Alhaji Nura: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malam. Sai dai ni ta ɗaya gefen nake kallonta: marubuci sojoji suka samu a hannu, shi ya sa suka ba shi aji.

Malam Habu: Marubucin jarida suka samu, Alhaji. Fim sai bayan yaƙi ya fara rubutawa.