Injin kwance notin taya mai batir: waɗanda suka yi aiki da shi su ba mu labari

Direban Sharan, Gusau zuwa Funtua:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riƙe injin nan da hannunsu, ba waɗanda suka gan shi a waya ba. Duk mai bin hanyar Tsafe zuwa Yankara ya san akwai wuraren da ba a fatan taya ta yi wa mutum faci. In ta yi, kowane minti da ka ɓata a durƙushe bakin titi, da mota cike da fasinja, ranka ne da nasu. Da wilsifana, in noti ya yi gardama sai ka kai rabin awa kana fama. Shin injin nan yana kwance notin Sharan da gaske? Wane iri zan nema?

Mai faci, Tudun Wada, Gusau:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yana kwancewa, amma ba kowanne ba. Iri biyu ake kawowa kasuwa, kuma ga wanda bai sani ba kamarsu ɗaya. Akwai ƙarami mai rami a baki, na kafintoci da masu ɗaura kwano. Wannan ko motsa notin Sharan ba zai yi ba, sai dai ya cika maka kunne da ƙara. Naka shi ne mai baki murabba'i na rabin inci, wanda soket ke hawa kansa. A cikinsa akwai guduma da ke juyawa tana dukan bakin, ita ce ta-ta-ta ɗin da ake ji. Dukan ne ke karya tsatsa ya saki noti, shi ya sa ba ya murɗe maka hannu.

Ni na kwamfaresa na saba da shi, amma shi sai an tada inji, ga fetur yadda ya koma. Tunda na samu mai batir, in mota ta tsaya nesa da rumfa sai in saɓa shi in je mata. Ka nemi wanda ƙarfinsa ya kai 400 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa ke nan) ko fiye, da batir 18V ko 20V, mai 4.0Ah (yawan cajin da yake ɗauka) zuwa sama. Ƙaramin batir yana kunna shi, amma da ya haɗu da noti mai taurin kai sai dukan ya yi sanyi.

Sai soket. Don Allah kada ka sa farin nan mai ƙyalli na akwatin sifana. A gabana na wani yaro ya tsage gida biyu, ɓallin ya wuce ta gefen idonsa ya daki ƙofar mota har ya bar shaida a fenti. Baƙin soket mai kauri shi aka yi don duka. Sharan tsohuwa lamba 19 take ci, Golf 17, yawancin Toyota 21.

Makaniki, Talata Mafara:
Oga mai faci ya faɗi gaskiya, amma ni ɓarnar ce ke zuwa garejina, to ita zan faɗa. Injin nan na kwancewa ne. Wanda ya mai da shi na ɗaurewa, shi ke kawo mana aiki.

Kowace mota akwai iyakar ɗaurin da kamfani ya sa mata. Corolla 103 Nm ce, Golf 3 kuma 110, Sharan taka Alhaji ta fi su, 170. To ka ɗauki injin da ke iya ba da 400 ko 500, ka danne shi kan noti har sai ya daina juyawa, ka ga ka ninka abin da ƙarfen zai ɗauka. Sitod ɗin da noti ke hawa yana miƙewa a hankali, ba ya karyewa ranar. Sai bayan wata ɗaya ko biyu, mota ta faɗa rami da kaya, ya tsinke. An jawo min wata Corolla daga wajen Bakura, sitod uku cikin biyar sun gutsure. Da na ɗauki guda na duba bakin karayar, rabi ya yi tsatsa rabi fari tas, wato tun tuni ya tsage yana jiran rana. Ramukan rim ɗin ma sun buɗe sun zama kamar ƙwai. Allah ne ya tsare mutanen da ke ciki.

Ku masu Volkswagen, irin su Sharan da Golf, ku fi kowa kula. Ku ba noti ne da ku ba, bol ne da ke shiga cikin hob, ƙarfen da taya ke zama a kansa, kai tsaye. In ka ɗora shi a karkace ka danna inji, zaren hob ɗin ne zai cinye, kuma wannan ba gyaran bakin titi ba ne. Yadda nake koya wa yarana: a fara ɗaura kowanne da yatsu har ya yi zagaye uku ko huɗu ba tare da tirjiya ba. Sannan a sa inji a mafi ƙarancin ƙarfi, da ya taɓa rim a ɗaga hannu. A sauke jak, a ƙarasa da hannu, ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, ba a bi su a jere ba. Mai hali ya sayi sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in ɗauri ya kai. Kuma kada a shafa baƙin mai ko giris a zare, yana sa ɗauri ya wuce ƙima ba ka sani ba. In an yi kilomita kamar 50 a tsaya inda ke da jama'a a sake taɓa su.

Ma'aikaciyar jinya, Kaura Namoda:
Baba makaniki, Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya sa na saya, ba ni da ƙarfin kwance noti da hannu, ko na hau wilsifana da ƙafa ba ya motsi, kuma aikina yakan sa in fito da sassafe. Ranar da tayata ta sace a hanyar Gusau, kafin mai babur ɗin da ya tsaya taimakona ya gama kafa jak, na riga na sassauta duka biyar. Shi ya ɗaga min safaya, muka ƙarasa ɗauri da hannu. Abin da zan ƙara shi ne batir. Zafin Maris zuwa Mayu a nan ya kan wuce digiri 40, cikin but ɗin motar da ke rana kuwa ya fi haka nesa, kuma zafi na kashe irin wannan batir da wuri. Injin yana zaune a mota, batirin yana cikin jakata. Duk Juma'a nake duba fitilun cajinsa.

Tsohon direba, Gummi:
'Yata kin yi dabara. Amma ku yaran yanzu ku ji: kome kyan wanga inji, wilsifana da guntun fayif kada su bar mota. Na tsaya wa wani yaro a hanyar Anka, injinsa sabo fil a kwali, batir babu ko ɗigo, ya kuma bar wilsifana gida don yana ganin ya wuce wurin. Da tawa muka kwance. Wutar cajin ma a garuruwanmu sai an dace, sai mai sola.

Mai sayar da kayan aiki, Gusau:
Baba gaskiya ne. Nima bari in faɗi abin da ke faruwa a kasuwa, ko da ni zai taɓa. Akwai waɗanda ake rubuta wa 800 ko 1000 Nm a kwali, farashinsu bai kai na batirin kirki guda ba. Launi da suna duk an kwaikwayi na manyan kamfanoni. Ka ɗaga batirin ka ji nauyinsa, in ya yi shafal to ƙwayoyin ciki ba su cika ba. Ni duk wanda ya zo saye cewa nake ya kawo motarsa ƙofar shago, mu gwada a kan notinsa. In bai kwance ba, ba ciniki. Injin nan mai 12V da ake jonawa a ramin kunna sigari na mota, yana yi wa ƙananan motoci, sai dai yana jan lokaci, sai ya yi ta juyi kafin ya yi duka ɗaya. Ga mai gaggawa irin Alhaji ban ba da shawararsa ba.

Direban Canter, Shinkafi:
Mu masu kaya lissafinmu daban. Irin na Hajiya ko gezau notinmu ba zai yi ba, sai babba mai baki uku bisa huɗu na inci, shi ma in tsatsar damina ta kama sai an fara karya shi da fayif. Abin da nake so yaran mota su riƙe: yawancin Canter da Dyna, notin gefen hagu zarensa a juye yake. Ku goge kan sitod ɗin da tsumma, za ku ga an buga L, wato hagu. Da hannu, in ka juya ba daidai ba za ka ji yana ƙara tauri ka tsaya. Inji ba ya ba ka wannan damar, kafin ka ankara ya ɗaure shi tamau ko ya gutsure. Oga mai faci, in akwai baƙin soket 41 a wurinka ka ajiye min guda, ina shigowa Gusau ranar Litinin da kayan albasa in sha Allah.