Manhajar gayya: kalmar da na tsaya a kanta

Shekara uku ke nan ina wannan aiki daga ɗakina a Zango, amma har yau in an tambaye ni sana'ata sai na ari bakin Faransa. Jiya bayan la'asar Baba ya sake tambayata: "Wai kai aikin me kake yi a kwamfutar nan dare da rana?" Na ce masa, Baba, irin manhajar da ake kira "logiciel libre" nake rubutawa, wadda masu Ingilishi ke ce wa "open source". Ya ce in faɗa da Hausa. Na ce manhajar kyauta. Sai ya ajiye carbinsa ya dube ni: "To kai wa ke biyan ka?"

Tambayar Baba ta kashe wannan fassara. "Kyauta" kuɗi take nunawa, alhali maganar ba ta kuɗi ba ce. Tun 1983 da wani Ba'amurke mai rubuta manhaja, Richard Stallman, ya soma aikin GNU na haɗa irin waɗannan manhajoji, 'yanci yake nufi: ka yi aiki da manhajar, ka buɗe cikinta ka karanta yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka ba wani. Su ma masu Ingilishi sun sha wannan ruɗani, don kalma ɗaya gare su ta 'yanci da kyauta, wato "free", yana cikin abin da ya sa aka fito da sabon suna "open source" a 1998. Kuma akwai kuɗi a harkar. A 2019 kamfanin IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da ke cin abinci da Linux, wata manhaja irin wannan mai tafiyar da kwamfuta, a kan dala biliyan 34.

Wani malami ya ce mu ɗauki "buɗaɗɗen tushe". Malam, Allah ya ƙara sani, amma na gwada ta a fadarmu wajen shayi, mutum biyu suka zaci maganar itace nake, ɗaya ya ce ko asalin dangi ne. Kalmar da sai an yi mata sharhi kafin ta shiga kunne ba za ta kai kasuwar Dole ba.

"Manhaja mai 'yanci" ta fi kusa, ina kuma ganin girmanta. Sai dai ba ta nuna yadda ake aikin.

Yadda ake aikin na gan shi da idona. Wani ƙanenmu ɗalibi ya kawo mini wayarsa, ya ce duk inda ya rubuta ƙ ko ɗ a wata manhaja sai akwatin banza ya fito. Muka zauna a tabarma, wuta ta tafi, muka ci gaba da sauran cajin kwamfutata. Na nuna masa inda rubutun manhajar yake a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, shi da kansa ya gano layin da ke hana baƙaƙen fita. Gyaran bai kai layi goma ba. Ya aika, wata mata da ba mu taɓa gani ba ta duba, ta ce ya canza abu ɗaya, ya canza, aka karɓa. Ranar ya kasa zama wuri ɗaya don murna. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne gonar kakanmu lokacin noman biyu, samarin unguwa a jere kowa da hauyarsa, ba wanda aka ɗauka ƙodago.

Gayya ke nan. Haka Linux ya tashi: Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki a 1991 ya fito da ɗan abin da ya rubuta, mutane suka taru a kai, yau a kansa Android ɗin wayoyinmu ke tsaye.

Na san inda kalmar ke ɗingishi. A gayyar gona, hatsi rumbun mai gona yake shiga. A nan kowa na iya kwasar amfanin gaba ɗaya, rumbu kuma bai ragu ba. Wani ya tuna mini cewa in an ce "ya yi da gayya", ganganci ake nufi. Gaskiya ne. Shi ya sa a farkon magana zan riƙa cewa "manhajar aikin gayya", in kunne ya saba a gajarta.

Sai sunan aikina. Rabinsa rubuta manhaja ne, rabi kuma tsayawa tsakanin kamfanin da nake wa aiki da masu rubuta manhaja na waje: in amsa tambayoyinsu, in rubuta bayanin da baƙo zai bi, in kai kukansu ciki ko da ba a son ji. An ce "jakada", amma jakada ba ya riƙe hauya. "Dillali" kuwa la'ada yake jira. Na zaɓi "mai kiran gayya", don shi ne ke bin gida-gida yana gayyata, ya tabbata an kai wa ma'aikata fura da ruwa, sannan ya shiga kunya tare da su.

Da safen nan na koma wajen Baba da sabbin kalmomin. Ya yi shiru kaɗan, ya ce: "To gonar ta wa ce?" Na ce ta duk wanda ya zo. Ya ce in kawo kwamfutar ya ga layukan da yaron ya gyara.